Abdul Gaffar Khan

Abdul Gaffar Khan, wanda mutanensa ke kira Badshah Khan ko Bacha Khan, wato sarkin shugabanni, jagoran ƙabilar Fashtun ne da ya yi gwagwarmaya da mulkin mallakar Birtaniya a Indiya ba tare da ɗaukar makami ba. An haife shi ranar 6 ga Fabrairun 1890 a ƙauyen Utmanzai da ke yankin Charsadda, kusa da birnin Peshawar na Pakistan ta yau, ya kuma rasu a Peshawar ranar 20 ga Janairun 1988. Saboda kusancinsa da Mahatma Gandhi, Indiyawa suka riƙa ce masa Gandhin kan iyaka.

Tasowarsa

Mahaifinsa, Bahram Khan, mai gonaki ne da ake girmamawa a yankin. Ya sa 'ya'yansa a makarantar mishan ta Edwardes a Peshawar, a lokacin da yawancin mutanen wurin ke ƙyamar karatun Turawa. Abdul Gaffar bai yi nisa a boko kamar yayansa Dakta Khan Sahib ba, wanda ya je Ingila ya karanta aikin likita. Shi gida ya zauna, kuma a 1910, yana ɗan shekara 20, ya buɗe makaranta a ƙauyensu. Ilimi shi ne aikinsa na farko, tun kafin siyasa. An kama shi a 1919 lokacin boren adawa da dokar Rowlatt, wadda ta ba gwamnatin mulkin mallaka ikon tsare mutane ba tare da shari'a ba, aka sake ɗaure shi shekara uku daga 1921. Ya yi aikin Hajji a 1926, sannan a 1928 ya fara buga mujallar Pakhtun a harshen Fashto.

Bayin Allah masu jar riga

A 1929 ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, ma'ana masu yi wa Allah hidima. Girman wannan aiki yana fitowa ne idan aka duba mutanen da ya yi shi a cikinsu. Fashtun mutane ne da bindiga ke cikin kayan gidansu, kuma a al'adarsu akwai abin da suke kira badal, wato ramuwar gayya: jinin da aka zubar bashi ne a kan dangi, ɗa ya gaje shi, jika ma ya gaje shi. Cikin irin wannan jama'a ne Abdul Gaffar ya tara dubun-dubatar mutane suka rantse cewa ba za su yi faɗa ba, ba za su rama ba, za su yafe wa wanda ya zalunce su, za su kuma yi wa jama'a aiki kullum ba tare da neman lada ba.

Hujjarsa daga Musulunci ya ɗauko ta. Yakan tuna wa mabiyansa shekarun da Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam, ya yi a Makka yana jure cutarwar Ƙuraishawa, yana cewa haƙuri da gaskiya su ne makamin da babu mai iya karya shi. Masu ɗaukarsa almajirin Gandhi kawai ba su yi masa adalci ba, domin ya soma aikinsa tun kafin su kusanci juna.

An tsara ƙungiyar kamar rundunar soja, da muƙamai da fareti da ganguna, sai dai babu makami. Suna sa jajayen riguna, shi ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan masu jar riga. Suna share ƙauyuka, suna buɗe makarantu, suna sasanta dangin da ke gaba. An ƙiyasta yawansu ya kai kimanin 100,000.

Ranar 23 ga Afrilun 1930, bayan an kama Abdul Gaffar, jama'a suka taru a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar. Sojoji suka buɗe musu wuta, mutanen kuwa suka tsaya ba su mayar da martani da makami ba. Gwamnati ta ce mutum 20 ne suka mutu. 'Yan kishin ƙasa suka ce sun haura 200. A wannan rikici ne wasu sojojin rundunar Garhwal, waɗanda mabiya addinin Hindu ne, suka ƙi harbin taron Musulmin, aka gurfanar da su a kotun soja aka ɗaure su.

A 1931 ƙungiyar ta haɗe da Congress, babbar jam'iyyar masu neman 'yancin Indiya, kuma a 1937 Dakta Khan Sahib ya zama babban ministan lardinsu, wato Lardin Kan Iyaka na Arewa maso Yamma.

Rabuwar ƙasa da abin da ya biyo baya

Abdul Gaffar bai yarda a raba Indiya bisa addini ba. Da Congress ta amince da rabuwar a 1947 ba tare da ta shawarce shi ba, ya ce musu sun jefa su a bakin kyarketai. Mabiyansa suka ƙaurace wa ƙuri'ar raba-gardama da ta shigar da lardin cikin Pakistan. Duk da ya yi rantsuwar biyayya ga sabuwar ƙasar a farkon 1948, an kama shi a shekarar, bai fito ba sai 1954. A watan Agustan 1948 jami'an tsaro suka harbe magoya bayansa masu yawa a Babrra, aka kuma haramta ƙungiyar. Abin ciwo ne a ce mutumin da ya sha ɗauri don a sami 'yanci ya ci gaba da shan sa bayan Turawa sun tafi. Jimillar zamansa a kurkuku, a zamanin Birtaniya da na Pakistan, ta haura shekara 25.

Daga 1964 ya yi zaman gudun hijira a Afganistan, ya dawo a 1972. A 1987 Indiya ta ba shi lambar Bharat Ratna, mafi girman lambar yabo da take ba farar hula, shi ne na farko da ya same ta ba ɗan ƙasar ba. 'Ya'yansa sun shahara: Abdul Wali Khan a siyasa, Ghani Khan a waƙar Fashto.

Ya bar wasiyya a binne shi a Jalalabad, cikin Afganistan. Ana tsakiyar yaƙi a ƙasar lokacin, amma dubban mutane suka raka gawarsa ta mashigar Khyber. Bama-bamai sun tashi kusa da wurin jana'izar suka kashe mutum 15, aka kuma binne shi a harabar gidansa kamar yadda ya nema.