Sa-ido na Dogon Zango kan Halittu da Muhallinsu

Sa-ido na dogon zango shi ne auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru, domin a gane ko tsuntsaye, itatuwa, ƙwari ko ruwan wani yanki suna ƙaruwa ko suna raguwa. Binciken shekara biyu ba ya iya rarrabe sauyi na hakika da abin da damina mai albarka ko farin shekara guda ya jawo. Daga cikin tsofaffin misalai akwai gwajin ciyawa na Park Grass a Rothamsted ta Ingila, wanda aka soma a 1856, da awon iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai tun 1958.

Tsarin yana farawa da tambaya guda takamaimai, sannan a zaɓi wuraren awo, a rubuta ƙa'idar aiki dalla-dalla yadda wanda zai gaji aikin bayan shekara ashirin zai bi ta ba tare da ya taɓa ganin wanda ya rubuta ta ba. A dajin Amurum da ke kusa da Laminga, gabas da Jos, Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana kama tsuntsaye da raga mai laushi, a auna fiffike da nauyi, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, a sake su. Amfanin wannan aiki ya rataya ne a kan daidaito: idan aka ƙara raga biyu ko aka tsawaita sa'o'in kamu a shekara ta uku, adadin da ke cikin littafi zai hau alhali ko tsuntsu ɗaya bai ƙaru a dajin ba. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya ma haka yake, inda masu sa kai ke shiga murabba'in ƙasa mai kimanin kilomita 9 kowane gefe, su rubuta abin da suka gani a manhajar BirdLasser.

Horar da ma'aikatan fili kan sarrafa bayanai shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a nan ne yawancin ɓarna take aukuwa. Darasin farko shi ne bambanci tsakanin sifili da gurbin da aka bari fayau: sifili yana nufin an duba ba a ga komai ba, gurbi kuwa yana nufin ba a duba ba, kuma wanda ya cakuɗa su ya gurɓata lissafin shekaru. Ana koya musu rubutu da fensir, domin ruwan Agusta na Jos yana wanke tawada, da rubuta sunan tsuntsu da kwanan wata ta siga ɗaya kullum, da shigar da bayanan a kwamfuta tun ba a manta abin da wani ɗan zane a gefen takarda yake nufi ba. Daga nan sai a kai ga manhajar Excel ta jera bayanai, da na'urar GPS mai nuna ainihin wurin da mutum yake, da manhajar R ta ƙididdiga. Ana kuma ajiye kwafi a wurare biyu aƙalla, tare da takardun asali, saboda kwamfuta tana lalacewa, gara kuma tana cin takarda.