Bakugo da Midoriya: Amsoshin Tambayoyin da Iyaye Suke Ta Maimaita Mini

Na daɗe ina karantar da yaran unguwarmu a nan Makka, a ɗan ɗakin da na ware a gidana kusa da Shara Mansur, tsakanin la'asar da magariba. Tun da yara suka kamu da fim ɗin zanen nan na Japan mai suna My Hero Academia, ba a yin mako guda wata uwa ba ta tare ni a bakin ƙofa ko ta turo mini saƙon murya a WhatsApp a kansa ba. Masu tambayar ne suke canjawa, tambayoyin kuwa suna nan yadda suke. Na tattara su a nan domin duk wadda ta sake tambaya in tura mata, in huta.

Malama, wane irin fim ne wannan?

Labari ne da Kohei Horikoshi ya fara zanawa a mujalla a 2014, aka mai da shi fim mai dogon zango a 2016. A duniyar labarin, kashi 80 cikin 100 na mutane suna da wata baiwa ta ban mamaki. Midoriya yana cikin waɗanda ba su samu ba, shi kuwa Bakugo, wanda suka taso unguwa ɗaya, gumin tafin hannunsa yana fashewa kamar nakiya. Sauran kuwa ki zauna kusa da ɗanki ki kalla, domin ba zan ba ki labarin zango bayan zango ba.

Ai wasan yara ne kawai, ko ba haka ba?

Ba wasa ba ne. A farkon labarin, suna da shekara 14, Bakugo ya ƙwace littafin da Midoriya yake rubuta nazarinsa a kan jarumai, ya babbaka shi a tsakanin tafukansa, ya wurga ta taga, sannan ya ce masa idan yana son baiwa ya faɗo daga rufin makaranta ko ya dace a wata rayuwar. Wanda ya kira wannan wasa bai san wasa ba.

Masanin halayyar ɗan'adam Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a Norway tun shekarun 1970, ya bambanta cin zali da faɗan yara da abubuwa uku: ana nufin cutarwa, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Duka ukun suna nan. Wannan ne abin da makarantun nan suke kira tanammur.

To yaron da ya fi kowa ƙarfi da ƙoƙari a aji, mene ne zai ji tsoro?

Wannan ce tambayar da nake so a fara yi mini, amma sai a ƙarshe ake zuwa gare ta. Akwai wani guri a fim ɗin da ake komawa yarintarsu. Bakugo yana gaba, yara suna bin sa a baya, suna tsallaka wani rafi a kan gungumen itace, sai ya zame ya faɗa ruwa. Ruwan bai da zurfi, bai ji ciwo ba, sauran yaran ma ba su damu ba, domin a wurinsu ba abin da zai iya samun Bakugo. Midoriya kaɗai ya sauka cikin ruwan, ya miƙa masa hannu, yana tambayarsa ko zai iya tashi. Wannan hannun da aka miƙa masa shi ne bai taɓa yafewa ba.

Ki dubi abin da kyau. Tun yana ɗan shekara huɗu kowa yake yabonsa, malamai da yara, har ya zamana bai san kansa da wani suna ba sai na wanda ya fi kowa. Yaron da aka gina a kan haka ba ya da wurin tsayawa idan aka sauko da shi mataki ɗaya. Sai ga wanda yake ganin ya fi kowa rauni a unguwar ya gan shi a ƙasa, har ya ji tausayinsa. Daga ranar ya ɗauka cewa Midoriya yana raina shi a ɓoye, kuma duk duka da zagin da suka biyo baya ƙoƙari ne na mai da Midoriya ƙasa, domin shi ya tabbatar wa kansa cewa har yanzu yana sama. Shi ya sa ko da ya ci gasar wasannin makarantar jarumai bai yi murna ba, sai da aka ɗaure shi da sarƙa a kan dandamali, saboda abokin karawarsa bai fito da dukkan ƙarfinsa ba. Nasara ba ta ƙosar da irin wannan yaro, kamar zuba ruwa ne a rariya. A zango na uku kuma, bayan an sace shi, babban jarumin da yake ƙauna ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ceto shi, sai ga shi cikin dare yana faɗa da Midoriya murya na rawa, yana ɗora wa kansa laifin abin da ya faru.

Ke nan duk mai cin zali yana raina kansa ne?

A'a, kuma don Allah ku daina faɗa wa yara haka kamar karatun allo. Olweus ɗin da na ambata ya gano cewa yawancin masu cin zali ba matsorata ba ne masu jin ƙasƙanci. Wani masanin, Roy Baumeister, da abokan aikinsa sun bayyana a 1996 cewa tashin hankali ya fi fitowa daga mai ganin kansa da girma idan aka taɓa girman. Bakugo bai raina kansa ba, ya kai kansa inda ba zai iya zama ba ne, yana fargabar faɗowa. Wasu yaran kuma suna cin zali ne kawai domin sun ga yana jawo musu mabiya, ba kuma wanda ya hana su.

Ɗana yana kiran ƙaninsa Deku. Mene ne ma'anarsa?

Ma'anarsa mara amfani, kamar ɗan tsanar katako, kuma Bakugo ne ya laƙa wa Midoriya don ya wulaƙanta shi. Ki hana shi yau, ba gobe ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma kin san ta tun kafin a ƙirƙiro talabijin ɗin gidanki.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mu da muka san zafin a kira mutum takruni a bakin titi da muryar raini, mu ne kuma muke dariya idan babba ya kira ƙaninsa baƙi ko dolo a tsakar gida. Na sha ganin yaron da aka hantara a makaranta da safe ya dawo ya sauke a kan ƙaninsa da yamma. Kafin ki ɗauko bulala, ki tambaye shi wane suna ake kiransa da shi a ajinsu.

Laifin iyayen Bakugo ne?

Da hannunsu a ciki, mahaifiyarsa ma ta faɗa da bakinta cewa yabon da aka yi ta masa a kan ƙananan abubuwa ne ya kumbura masa kai. Amma ni na fi ganin laifin malamin ajin, wanda ya tona wa Midoriya asirin burinsa a gaban yara, aka yi ta shewa, Bakugo ya fasa masa tebur, shi kuma bai tsawatar ba.

Malama, ɗana yana aji biyu na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, wani yaro ya sa shi a gaba. Ya roƙe ni kada in je makaranta, wai zai yi haƙuri kamar Midoriya har wancan ya gane kuskurensa. In je ko in bari?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin yaron da ya iya buɗe baki ya gaya miki bai yanke ƙauna ba. Amsar kuwa ta danganta da abubuwa da dama, kuma ba zan ce miki ga hanya ɗaya da ta dace da kowane gida ba.

Da farko ki gano irin abin da ake yi masa, ba tare da kin tsare shi da tambayoyi kamar ɗan sanda ba. Idan akwai duka, ko ƙwace kuɗin da ake ba shi na cin abinci, ko ana ɗaukar hotonsa ana yaɗawa a Snapchat, ko an taɓa ce masa ya kashe kansa ko da a bakin wasa, to maganar jira ba ta taso ba, kuma roƙon da ya yi miki ba ya ɗaure ki. Haka nan idan barcinsa ya lalace, ko ya fara ciwon cikin ƙarya duk safiyar Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a nan, don kada ya tafi, ko ya daina cin abinci tare da 'yan'uwansa. Idan kuwa zolaya ce ta baki da ba ta daɗe da farawa ba, kuma yana da ko aboki ɗaya da yake tsaya masa, mai yiwuwa ki iya ba shi mako ɗaya ko biyu, bisa sharaɗin kullum zai gaya miki abin da ya faru, ke kuma kina rubuta rana da abin da aka ce. Na ce mai yiwuwa, domin wani yaron yana rage labari don kada ya ɗaga wa uwarsa hankali, kuma ke kika san naki.

Idan za a je, tun da makarantar maza ce, mahaifinsa ko yayanku namiji ya fi dacewa ya je, ya nemi murshid, wato malamin da aka ɗora wa kula da matsalolin ɗalibai, ya gan shi a keɓe, ba a gaban aji ba. Tsoron ɗanki shi ne a ce ya kai ƙara, kuma tsoron yana da tushe, don haka a roƙi murshid ya nuna kamar shi ya lura da kansa. Ban cika son a nufi gidan su wancan yaron kai tsaye ba, sai dai idan kun san juna ko akwai dattijon da zai shiga tsakani, domin na ga inda aka tafi sulhu aka dawo da gaba tsakanin manya. Na kuma san akwai gidajen da suke ɗari-ɗari da duk wani ofis saboda maganar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba kuma zan yi kamar ban sani ba. A irin wannan hali a fara da malamin da aka amince da shi, ko limamin unguwa. Akwai kuma layin taimakon yara na 116111 da ake kira don neman shawara.

Shi kuma yaron, kada ki ce masa fim ƙarya ne, zai rufe miki kunne. Ki ce masa ya tuna yadda Midoriya ya kuɓuta. Haƙurinsa na shekara goma bai sauya Bakugo ko kaɗan ba. Abin ya fara sauyawa ne bayan wani babba ya gan shi ya riƙe hannunsa, ya shiga sabuwar makaranta, ya yi abokai, har wata yarinya ta ce sunan Deku yana mata kama da kalmar da take nufin zan iya. Kada kuma ki ɗora masa nauyin tausaya wa mai dukansa. Ya fahimci cewa wancan yana da nasa tsoron, wannan zai taimaka masa ya daina zargin kansa, amma gyaran wancan aikin manya ne.

In hana shi kallon gaba ɗaya?

Idan ɗan shekara bakwai ne, ki hana, akwai jini da faɗa da suka fi ƙarfinsa. Idan ya kai 13, hanawa ba za ta yi ba, zai kalla a wayar abokinsa a bayan masallaci.

Wai daga baya Bakugo ya ba Midoriya haƙuri?

Ya ba shi, a zango na shida, a 2023, cikin ruwan sama, a gaban 'yan ajinsu. Ya sunkuyar da kai, ya amsa cewa tun suna yara yake jin Midoriya ya fi shi ta wata fuskar, abin da ya kasa jurewa ke nan, ya kuma kira shi da sunansa na yanka, Izuku. Ya ce ya san haƙurin ba zai goge abin da ya wuce ba. Wadda ta ce na ɓata mata labari, ai ita ta tambaya.