Fotash Ɗin Takin Zamani Ba Kanwa Ba Ne

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, kalmar "fotash" ta shiga bakin masu labarai da 'yan siyasa, kuma har yau ba ta fita ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake juya ta zuwa Hausa. Mai karanta labarai zai ce Kanada ce ta fi kowace ƙasa haƙar "kanwa", ko ya ce takunkumin da aka ƙaƙaba wa Belarus ya jawo ƙarancin "kanwa" a duniya, sai mai sauraro a Agege ko Idi-Araba ya riƙe baki yana mamakin yadda Nijeriya za ta kashe dala ta sayo abin da ke jibge a yankin Tafkin Chadi. 'Yan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, waɗanda tsadar taki ke taɓa kwandon tumatirinsu kai tsaye, wasunsu sun riga sun yanke hukunci cewa wannan ma wata kafar cin kuɗi ce. Fushinsu yana da dalili, amma a wannan gaɓar a kan kuskure aka ɗora shi.

Duk mai sayar da kanwa a Legas ya san cewa idan mai saye bai ce masa kaun da Yarabanci ko akanwu da Ibo ba, to da Turanci fotash zai ce. Daga nan ruɗanin ya samo asali. Amma kanwar da ake jefawa a wake ko a miyar kuɓewa, ja ce ko ungurnu, jigonta sinadarin sodiyam ne, ɗan'uwan gishirin miya, kuma manomin da ya barbaɗa ta a gonarsa da sunan taki ƙasar zai ɓata. Abin da shuka ke nema shi ne sinadarin fotashiyam, wato harafin K da ke jikin buhun NPK, takin da manoma ke kira kamfa.

Idan ana neman ɗan'uwan fotash na jini a gidan Bahaushe, to toka ce. Kalmar kanta a Turanci haɗin kalmomi biyu ce, tukunya da toka, domin kafin a fara haƙar ma'adinin daga ƙarƙashin ƙasa, Turawa itace suke ƙonawa, su tace tokar da ruwa, su dafe ruwan a tukunyar ƙarfe har ya ƙone ya bar farin gari. Wannan kuwa shi ne abin da iyayenmu mata ke yi da tokar karan dawa ko gero: a zuba ta a tukunya mai huda, a kwara ruwa, ya riƙa ɗiga a hankali, a samu ruwan toka na girki ko na sabulun salo. Daga irin wannan gari ne Bature Humphry Davy ya fara ware sinadarin a 1807, ya kuma raɗa masa suna daga kalmar. Harafin K ɗin ma daga Larabci ya gangaro, daga kalmar da ke nufin tokar tsirrai. Saboda haka manomin da ke kai tokar murhu gona tun kaka da kakanni fotash yake sa wa ƙasarsa, kuma ilmin da yake da shi ya fi na mai fassarar nan daidai.

Sai dai toka ba za ta ciyar da duniya ba. Fotash na kasuwa a yau gishiri ne mai launin ja-ja da wani tsohon teku ya bari bayan ya ƙafe. A lardin Saskatchewan na Kanada yana kwance kimanin kilomita 1 a ƙarƙashin ƙasa, kuma daga can kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da duniya ke samarwa yake fitowa. Lardin ya ɗauki ma'adinin da irin muhimmancin da muke ba man fetur, shi ya sa a 2010 gwamnatin Kanada ta hana kamfanin haƙar ma'adinai na BHP saye kamfanin fotash na lardin, PotashCorp, duk da tayin kusan dala biliyan 40. A Belarus, garin Soligorsk saboda mahaƙar aka gina shi gaba ɗaya. A Berezniki ta Rasha kuwa, bayan ruwa ya malale wata mahaƙa a 2006, ƙasa ta riƙa ruftawa a cikin gari, aka kwashe mutane daga gidajensu. Rasha da Belarus su biyu suna riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na fotash da ake fitarwa kasuwar duniya kafin yaƙin, don haka da Lituweniya ta rufe wa Belarus hanyar tashar ruwa ta Klaipeda a 2022, sannan takunkumi ya dabaibaye cinikin Rasha, farashin tan ɗaya ya haye dala 1,000.

A nan ne ruɗanin kalmar yake yin ɓarnar da ta fi ta fassara. 'Yan siyasa na son cewa yanzu Nijeriya ta tsaya da ƙafarta a harkar taki, kuma suna nuna masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Abin alfahari ce, ban musa ba. Amma yuriya take yi daga iskar gas, wato harafin N na NPK kaɗai. Shirin takin shugaban ƙasa da aka fara a ƙarshen 2016, wanda ya sa buhun kamfa 20:10:10 a kan naira 5,500, an gina shi ne a kan yuriya da farar ƙasa na gida, da fosfet daga Maroko, da fotash daga Rasha. Da jiragen Rasha suka kasa isowa a 2022, sai da NSIA, hukumar zuba jari ta gwamnatin tarayya da ke kula da shirin, ta garzaya Kanada ta sayo na gaggawa. Masana'antun da ake ta buɗewa a jihohi suna gauraya waɗannan kaya ne su ɗura a buhu, aiki mai amfani, amma gaurayawa daban, samarwa daban. Wanda ya yarda cewa fotash kanwa ce zai yarda cewa komai na gida ne, kuma ba zai fahimci dalilin da ya sa faɗuwar naira ke bayyana a farashin kamfa ba.

Rashin K kuwa ba ya ihu kamar rashin yuriya, wanda ke mayar da gona ɗorawa kowa ya gani. Alamarsa ita ce bakin tsofaffin ganye ya yi kamar an babbake shi, karan masara ya kwanta da iska kaɗan, rogo da doya su ƙi ƙosawa, tumatir ya yi laushi. Manomin Kadawa da tsada ta sa ya bar kamfa ya tsaya ga yuriya zai ga gonarsa ta yi shar, amma kwandon da ya yi kwanaki a bayan mota kafin ya iso Mile 12 ba zai jure hanya kamar da ba, kuma dillalin da ke karɓarsa a Legas shi zai fara lissafa asarar.

Afirka tana da nata ma'adinin, a kwarin Danakil da ke tsakanin Habasha da Eritiriya da kuma gaɓar tekun Jamhuriyar Kwango, amma haƙa rijiyar fotash aiki ne na shekaru da biliyoyin daloli. Kafin waɗannan su fara cika jirage, kowace ƙwayar K da ke cikin buhun manomin Nijeriya ta tashar ruwa za ta ci gaba da shigowa, kuma da dala za a biya.