Plan S bai ce dole sai ka biya kuɗi ba

Tun da tsarin Plan S, na buɗe wa kowa maƙalun bincike kyauta, ya fara aiki a Janairun 2021, maganganu biyu ke yawo a bakin masu binciken lafiya: wai an tilasta wa kowa biyan kuɗin buga maƙala, wai kuma duk wanda ya ga dama zai kwashe aikinka ya sa sunansa. Duka biyun ba haka suke ba.

Sharaɗi ne da wasu hukumomin ba da tallafin bincike, galibi na Turai, suka gindaya a 2018, daga baya Gidauniyar Wellcome da Gidauniyar Gates da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shiga. In ba kuɗinsu ka karɓa ba, bai hau kanka ba. Abin da suke so shi ne, ranar da binciken ya fito kowa ya iya karanta shi kyauta, ba sai an jira shekara ba.

Batun kuɗin ne ya fi rikita mutane. Gaskiya ne mujallu da dama na cajin marubuci. Mujallar Nature ta yanka Yuro 9,500 a 2021. Amma akwai hanyar da ba ta buƙatar komai: ka ɗauki rubutun da mujalla ta amince da shi bayan masana sun tace, tun kafin a tsara shi a shafukanta, ka ajiye a rumbun maƙalu na intanet irin Europe PMC ranar da aka buga. Sai dai ka sanar da mujallar tun lokacin miƙa aiki, don wasu kan yi turjiya.

Lasisin CC BY kuwa, wato izinin amfani da Plan S ke so a sa wa maƙala, ya halatta a kwafa, a fassara, a raba, amma dole a ambaci sunanka. Ma'aikaciyar jinya za ta iya buga shafi uku kan zubar jini bayan haihuwa ta raba wa abokan aikinta ba tare da neman izini ba. Haƙƙin mallaka na hannunka, saɓanin da, da ake sa hannu a miƙa wa kamfanin da ke buga mujallar.

Wanda ya saɓa ba kotu za a kai shi ba. Mai tallafi na iya riƙe ragowar kuɗi, ko ya ƙi lissafa maƙalar in an sake neman tallafi.

Abin da ke damuna shi ne likitan da ba shi da mai ɗaukar nauyi. Mujallar da ta koma cajin marubuta shi ma za ta caje shi, rangwamen da ake yi kuma ya fi karkata ga ƙasashe mafiya talauci, marubutan ƙasashe masu matsakaicin samu kuwa sau da yawa sai sun rubuta takardar roƙo.