Lambar 720,720: me ya sa take da sauƙin rabo?

Ɗalibai a Birnin Kebbi sun sha tambayata ko akwai babbar lambar da ta fi miliyan ɗaya daɗin lissafi. Akwai, kuma ba ta ma kai miliyan ba.

Malam, me ta fi sauran lambobi da shi?

Ɗauki kowace lamba daga 1 zuwa 16 ka raba 720,720 da ita, ba za a samu saura ba. Ita ce mafi ƙanƙanta da ke da wannan hali. A ce manoman shinkafa a Argungu sun sayar da shanshera sun tashi da naira 720,720: ko su bakwai ne, ko sha ɗaya, ko sha shida, kowa zai ɗauki nasa cif, ba mai neman canji. A kasa ta tsakanin ƙananan hukumomin Kebbi 21, kowacce 34,320. Na Zamfara 14 kuwa, 51,480.

Ina sirrin yake?

A tushenta. Idan aka yi ta farfasa ta har a kai ga lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, za a samu 2 sau huɗu, 3 sau biyu, sai 5, 7, 11 da 13. Daga haɗa waɗannan ake samun duk masu raba ta, kuma su 240 ne. Miliyan ɗaya, da duk sunan da ta yi, 49 kawai gare ta, domin ba komai a cikinta sai 2 da 5.

Ga wata dabara ta burge abokai: 7 × 11 × 13 na ba da 1,001. To duk lamba mai gida uku da ka rubuta sau biyu a jere, kamar 345,345 ko ita kanta 720,720, ka ninka ta da 1,001 ke nan, don haka dole 7 da 11 da 13 su raba ta.

A wane aji masana suka sa ta?

Cika ce, ba mara ba. Tana kuma cikin lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su, waɗanda masanin Indiya Ramanujan ya yi rubutu a kansu a 1915. Ba a samun wadda ta ɗara ta sai an kai 1,081,080, mai 256.

Akwai lambar da za a ninka da kanta ta ba da ita?

Babu. 848 × 848 ya gaza, 849 × 849 ya zarce.

Ke nan ba abin da ke gagarar ta?

Akwai mana. Raba ta da 17, biyar za su rage. Masu rabon gado za su gane wannan: asalin mas'ala, wato adadin kason da ake kasa gado, 6 ko 12 ko 24 duk suna shiga cikinta lafiya lau, amma idan kason magada ya yi yawa har mas'ala ta hau zuwa 17 ko 27, sai an shiga lissafin kwabbai.