Aron mota tsakanin miji da mata

Aron mota tsakanin miji da mata shi ne ɗayansu ya miƙa wa ɗayan mabuɗin motarsa ya tuƙa, ba tare da mallakar motar ta tashi daga hannun mai ita ba. A garuruwa irin su Gusau, Talatar Mafara, Ƙauran Namoda da Birnin Kebbi abin ya zama ruwan dare a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma galibi ba a kiransa aro. Cewa ake "motar gida". Sai ranar da aka yi karo, ko aka yi saki, ko aka zo rabon gado, sannan ake gane cewa al'ada da fiƙihu da dokar ƙasa kowanne da irin karatun da yake yi wa wannan miƙa mabuɗi.

Yadda abin ya samo asali

Babu wata doka a Najeriya, ta tarayya ko ta jiha, da ta hana mace tuƙi. Ko bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, ba a hana mata riƙe sitiyari ba, saɓanin Saudiyya inda haramcin ya ci gaba har watan Yunin 2018. Abin da aka taɓa a Zamfara shi ne sufurin haya: an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata a babur, an kuma ware motocin haya na mata zalla. Ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da za ta fita kullum da safe, wannan ya ƙara wa motar gida daraja. Maigidan da bai son iyalinsa su tsaya bakin titi suna jiran abin hawa, kuma bai da halin ɗaukar direba, zaɓi biyu ke gabansa: ko ya zama direban gidansa, ko ya koya wa matarsa tuƙi.

Yawaitar motoci masu canza giya da kansu, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, ita ma ta sauƙaƙa lamarin, don babu sauran fama da kuloci. Koyon kan fara ne a filin idi ko filin ƙwallon wata makaranta bayan la'asar, maigida a gefe yana cewa "taka birki, na ce birki!" Ba kowane aure ke jure wannan darasi ba, shi ya sa da yawa kan miƙa aikin ga ƙanen matar ko makarantar koyon tuƙi.

Ba kullum miji ne mai mota ba. Akwai matan da suka sayi tasu da bashin ƙungiyar ma'aikata, da adashi, ko da kuɗin gado, miji kuma ya riƙa ɗauka idan tasa tana gareji. A nan bakin mutane ya fi kaifi. Matar da ke tuƙa motar mijinta ba a ce mata komai, amma namijin da aka saba gani cikin motar matarsa ba ya rasa mai yi masa laƙabin "mijin Hajiya" a majalisa.

A gidan mace fiye da ɗaya

Inda akwai uwargida da amarya, mota ɗaya kan zama ma'aunin adalci. Wasu gidajen sun ɗaura ta a kan girki: wadda ke da maigida ranar ita ke da mabuɗi. Wasu kuma sun bar ta ga wadda ta iya tuƙi, bisa sharaɗin ta kai yaran gidan duka makaranta, nata da na abokiyar zamanta. Littattafan Malikiyya sun wajabta daidaito ne a rabon kwana, ciyarwa da tufatarwa kuma kowace gwargwadon abin da ya dace da ita. Amma hukuncin littafi ba ya kashe wutar kishi, kuma dattawa kan gargaɗi magidanci cewa mabuɗin da ya kwana ɗaki ɗaya sau uku a jere ya riga ya yi magana.

Hukuncin aro a fiƙihun Malikiyya

Kotunan shari'a na Zamfara da Kebbi da mazhabar Imam Malik suke aiki, kuma a cikinta aure ba ya gauraya dukiya. Motar miji tasa ce, ta mata tata ce, ɗayansu ba ya da ikon ɗaukar ta ɗayan sai da izini, ko da izinin na al'ada ne, irin wanda ake fahimta idan an saba rataye mabuɗi a ƙusa ɗaya.

Babin da ya shafi wannan shi ne na ariya, wato aro. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Sakkwato ke karantarwa, ta raba abin aro gida biyu. Akwai wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado. Idan ya salwanta mai aro zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Akwai kuma wanda ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa. Wannan ba a biyansa sai an yi ta'addi, wato an ƙetare abin da aka yi izini, ko an yi sakaci. Mota ta fi kama da dabbar hawa, don haka a kanta ake ƙiyasta ta.

Misali zai fi fito da abin. Mace ta ce wa mijinta, "Malam, bar mani mabuɗi in kai Inna asibiti." Ya ba ta. Tana tsaye a shataletalen Lalan da ke Gusau mai tirela ya goge mata gefe. Ba ta ƙetare izini ba, ba ta yi ganganci ba, saboda haka babu biya a kanta. Mai tirela za a bi. Amma a ce daga asibitin ta zarce biki Bunguɗu ba tare da ta faɗa ba, motar ta faɗa rami a hanya, to ta yi ta'addi, gyara ya hau kanta. Haka hukuncin yake idan aka juya: mijin da ya ari motar matarsa don zuwa ofis, ya je ya loda mata buhunan masara har ƙafa ta karye, shi zai biya. Haka nan wanda ya ga allon mota na nuna injin ya yi zafi ya ci gaba da tafiya har ya buga, wannan sakaci ne tsantsa.

A aikace da wuya a ji miji ya kai matarsa gaban alƙali kan bamba ko fitila. Abin kan ƙare ne da 'yar fushi, da "ai na faɗa miki", da kuɗin mai fenti. Amma hukuncin yana nan, kuma yakan taso idan aure ya mutu aka zo lissafi.

Wata mas'alar da ta fi yawan haddasa rigima ita ce aron aro: an ba matar gida mota, ita kuma ta miƙa wa ƙanenta ya sayo mata cefane. Muhtasar na Shaihu Halil ya halatta wa mai aro ya ara wa wani, muddin mai abu bai hana ba. Ke nan magidancin da bai son kowa ya taɓa motarsa sai matarsa, faɗa zai yi da bakinsa tun farko.

Aro ne ko kyauta

Nan ne gizo ke saƙar. Maigida ya sayi sabuwar mota, ya ce wa matarsa, "Hajiya, tsohuwar nan taki ce." Ta shekara biyar tana tuƙawa, tana zuba mai, tana biyan bakanike, unguwa duka ta san motar Hajiya ce. Takardu kuwa suna nan da sunan Alhaji. Ranar da ya faɗi ya mutu, 'yan'uwansa da 'ya'yan ɗaya ɗakin suka sa ta cikin lissafin gado.

A Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin ya koma ƙarƙashin ikonsa. Idan mai bayarwa ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Idan kuwa an tabbatar da furucin kyauta da karɓa, motar ta fita daga dukiyar mamaci, kuma ko yana raye ba ya da ikon ƙwace ta, domin janye kyauta haƙƙi ne da aka ba iyaye a kan 'ya'yansu, ba miji a kan matarsa ba. Wahalar ita ce tabbatarwa. Miji da mata gida ɗaya suke, motar a rumfa ɗaya take kwana kafin kyauta da bayanta, maigida kuma yakan ɗauke ta wani lokaci. Sai alƙali ya nemi shaidu. Idan ba su samu ba, matar da ta ɗauka tana da mota sukutum za ta tashi da rabonta na tumuni, kashi ɗaya cikin takwas idan mamacin ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, wanda kuma za ta raba da kishiyoyinta. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma mata da dama a zauren rabon gado suka fara jin cewa aro aka ba su.

Abin da dokar hanya ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ruwanta da igiyar aure. Lasin tuƙi na mutum ɗaya ne, ba ya rufe iyalinsa. Ana bayar da shi ga wanda ya kai shekara 18, ya bi ta makarantar tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya kuma ci gwajin jami'an VIO. Rukunin B shi ne na ƙananan motocin gida, ana sabunta shi bayan shekara uku ko biyar. Mai koyo yana buƙatar takardar izinin koyo, da jan harafin L a gaba da bayan mota, da mai lasin zaune a gefensa. A jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, tarar tuƙi babu lasin naira 10,000 ce. A cikin garin Gusau akwai kuma jami'an ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta jihar.

Akwai wani ƙaramin abu da ke tsayar da mata a shingen bincike. Bahaushiya galibi sunan mahaifinta take ci gaba da amfani da shi bayan aure, don haka sunan da ke lasinta ba ya da alaƙa da wanda ke takardun mota. Tuƙa motar wani da izininsa ba laifi ba ne, amma jami'i na iya tambayar yadda aka yi motar ta zo hannunta, sai an kira maigida a waya. Abin ya fi tsanani a hanyoyin Kebbi da ke fitowa daga iyaka, wajen Kamba, inda jami'an kwastan ke neman takardar biyan fito, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta kan tudu daga 1 ga Janairun 2017.

Inshora

Tun daga dokar inshorar motoci ta 1945 aka haramta wa mutum ya hau titi da mota, ko ya bar wani ya hau da ita, ba tare da inshorar da ke kare sauran masu amfani da hanya ba. Laifin ke nan yana iya hawa kan mai motar ko da yana kwance a gida. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, diyyar dukiyar da aka lalata wa wani kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Masu ƙyamar inshorar gargajiya saboda riba da garari, wato rashin tabbas, suna da zaɓin takaful, inshora irin ta Musulunci.

Takardar inshorar motar gida takan ambaci waɗanda aka yarda su tuƙa: mai inshorar, da duk wanda ya ba izini, matuƙar yana da lasin. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne tarkon. Matar da ta ƙware a tuƙi amma ba ta taɓa yin lasin ba, idan ta buge motar wani, kamfani na da hujjar zamewa. Haka mijin da ya ɗauki motar matarsa ya shiga tasha yana lodin fasinja zuwa Sakkwato, domin inshorar motar gida ba ta shafi haya ba. Kuma wannan ƙaramar inshora ba ta gyara motar mai ita. Sai babbar, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar.

Idan an yi rauni ko rai ya salwanta

A shari'a alhakin kisan kuskure yana kan wanda ke riƙe da sitiyari: kaffarar azumin wata biyu a jere a kansa take, diyya kuma a kan danginsa na wajen uba. Idan mace ce ta yi, danginta ake nufi, ba dangin mijinta ba, ko da motar tasa ce.

A kotunan da ke bin dokar da aka gada daga Ingila kuwa, ana iya haɗawa da mai mota idan direban aikensa yake yi. Shahararriyar shari'a a kan haka ita ce ta Morgans da Launchbury, wadda kotun ƙolin Ingila ta yanke a 1972. Motar ta matar ce, mijin ya fita da ita yawon shaye-shaye, da ya ga ya bugu ya ba abokinsa tuƙi, aka yi haɗari. Fasinjojin da suka ji rauni suka yi ƙarar matar. Kotu ta wanke ta, bisa hujjar cewa izini kaɗai ba ya sa mutum ɗaukar laifin wani, sai in tafiyar don buƙatarsa aka yi ta. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma lauyoyi na kafa hujja da shi. A kan wannan ma'auni, matar da mijinta ya aika ta ɗauko masa baƙo a tasha daban take da wadda ta tafi gidan suna don kanta.

Iyakar da ake gindayawa

Magidanta da dama a Zamfara kan taƙaita izinin ga cikin gari, kuma dalilin yau galibi na tsaro ne. Hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, da ta Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, har da babbar hanyar Funtuwa, sun yi ƙaurin suna wajen tare matafiya, ta yadda maza ma ba sa bin su da yamma. Ga kuma hukuncin tafiyar mace mai nisa ba tare da muharrami ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wani sharaɗin ya ƙaru, wanda a da kunya ke hana faɗinsa: wanda ya ɗauki mota ya duba inda allurar mai take, ya dawo da ita nan.

Motar ofis ba ta cikin wannan babi gaba ɗaya, don ba ta ma'aikacin ba ce balle ya ara wa iyalinsa. Wanda kuwa ya yi niyyar kyauta ta gaskiya, hanyarta ita ce takardar canjin mallaka mai sa hannun shaidu, a kai ofishin lasin motoci na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a sauya suna, sannan a sanar da kamfanin inshora.