Mayaƙan ɓoye da Birtaniya ta tanadar wa Hitler a 1940

Me ya sa aka kafa su?

A farkon Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Birtaniya suka sha da ƙyar daga hannun Jamus a garin Dunkirk, suka baro tankoki da manyan bindigogi a Faransa. Kowa ya ɗauka Jamus za ta tsallako teku ta mamaye Birtaniya ko yau ko gobe. Sai gwamnatin Firaminista Churchill ta ba Kanal Colin Gubbins aikin haɗa ƴan ƙananan ƙungiyoyin farar hula waɗanda za su laɓe idan abokan gaba sun shigo, su riƙa yi musu ɓarna ta baya. Auxiliary Units aka raɗa musu, wato rundunonin taimako, suna mara ɗanɗano da gangan, don kada wani ya yi tambaya.

Su wa aka ɗauka?

Manoma, masu gadin daji, har da masu farautar sata, waɗanda a da ƴan sanda ke nema. Abin da ake so shi ne mutumin da zai ratsa dawa cikin duhu ko kare bai yi haushi ba. Sun kai kimanin 3,500, kowace ƙungiya mutum huɗu zuwa takwas. An rantsar da su a kan riƙe sirri, da yawa ko matansu ba su san inda suke kwana ba.

A ina aka horar da su?

A wani katafaren gida mai suna Coleshill House. Amma ba a zuwa kai tsaye. Sai ka fara biyawa gidan waya na garin Highworth, ka gabatar da kanka ga shugabar wurin, Mabel Stranks. Ta duba takardunka, ta buga waya, mota ta zo ta ɗauke ka. Littafin koyon haɗa nakiya kuwa, bangonsa na kundin tallan takin zamani ne.

Yaya maɓoyarsu take?

Rami ne a ƙarƙashin ƙasa, galibi cikin kurmi, an rufa shi da kwano an mayar da ƙasa a kai. Murfin ƙofar an ɓoye shi da ciyawa ko kututture, akwai kuma wata ƴar hanyar tsira ta baya. Ciki gadaje ne, da nakiyoyi, da wuƙaƙe, da abinci na mako biyu. Nan ne abin ya fi ba ni tsoro: ba rowa ta sa aka tsaya a mako biyu ba. Lissafin manya shi ne, da wuya su wuce haka a raye. Aikinsu fasa layin dogo, ƙona rumbunan mai da jiragen sama a ƙasa, kuma wanda aka kama ba zai samu sassaucin da ake yi wa fursunan yaƙi ba.

Sun yi yaƙin kuwa?

A'a. A Satumban 1940 Hitler ya ɗage shirin mamayar, bai kuma sake tayar da shi ba. A Nuwamban 1944 aka sallame su shiru, wasu suka wuce SAS, rundunar sojojin musamman ta Birtaniya. Har yau akan ci karo da ramukan a dazuzzukan Ingila, kwanon ya yi tsatsa.